Gadon Da Bai Shiga Ɗaki Ba: Nasiha Ga 'Ya'yana Masu Rubuta Manhaja

'Ya'yana na Birnin Kudu da Gwaram, maza da mata, ku da Allah ya hore wa ilimin rubuta manhajar kwamfuta da ta waya. 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne, amma ya kwana yana ci mini rai. Washegarin Babbar Sallah ɗan ƙanina ya zo gaishe ni tare da abokansa biyu. Muna zaune a zaure ana taɓa soyayyen nama, sai wayarsa ta kama ruri. Ya duba, ya kife ta a kan tabarma. Ta sake, ya sake kifewa. A karo na uku na ce masa, "Kai kuwa wa kake gudu haka, ko bashi ka ci?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Baffa, mutanen da muka rubuta wa manhaja ne. Wai tun jiya ta ƙi buɗewa. Ni kuwa na gama nawa tun makon jiya, na miƙa. A kwamfutata lafiya lau take aiki. Wannan matsalar masu saba ce." Abokan nasa suka gyaɗa kai, alamar maganar ta yi musu daidai.

Ban tanka ba, don ba a yi wa yaro faɗa a gaban baƙinsa. Sai dai bai san ya taɓa mini tsohon miki ba. Waɗannan da ya kira masu saba, a cikinsu na ƙare ƙuruciyata. Saba, ga wanda bai sani ba, ita ce babbar kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta domin jama'a su same ta daga inda suke. Ni ne wanda ake miƙo wa faifai da yammacin Alhamis a ce, "Ga shi nan, a ɗora," mai rubutun kuma ya hau motar Kano, ba a sake jin ɗuriyarsa sai Litinin. Na kwana a ɗaki mai sanyin injin sanyaya iska ina lalube a cikin rubutun da ban san kansa ba, ina jin haushin mutumin da ke can yana sharar barci. Na tabbata shi ma da ya dawo haushina ya ji, yana ganin na lalata masa aiki mai kyau. Mun yi shekaru muna wannan zaman doya da manja, waɗanda suka sha wuyarsa kuwa ba ni ba ne, ba shi ba ne, mutanen da ke tsaye a layi ne.

Kada ku ɗauka raina ku nake yi. Ni shaida ne a kan nisan da aka zo. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ofishin da ya mallaki kwamfuta ɗaya lulluɓe ta yake yi da zane, ba mai taɓawa sai mutum guda. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka buɗe makarantar kwamfuta ta Kazaure, aka kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse, mutane suna ta tambayar me jihar manoma za ta yi da intanet. Yau ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, a 2019 kuma aka naɗa ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa baki ɗaya. Ku kuma ga ku nan: yaro yana zaune a Babaldu yana rubuta wa ɗan kasuwar Kano manhajar lissafi. Rubutu kam kun iya, kun fi mu nesa ba kusa ba. Abin da nake ganin bai zauna muku ba tukuna shi ne sanin inda aiki yake ƙarewa.

Ku tambayi iyayenku mata yadda ake jeren amarya. Kafin a je wurin kafinta, sai an tura mata biyu ko uku ganin ɗaki. Za su auna tsawo da faɗi, su duba ƙofa, su duba lungun da za a bi da kaya. Ba don son yawo suke yi ba. An sha ganin gado na gani na faɗa a shagon kafinta, ranar jere ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. A kira kafinta, ya ce shi ya yi aikinsa, a nuna masa aibi ɗaya a jikin gadon. A kira magini, ya ce ƙofarsa daidai take da ta kowa a unguwar. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma amarya a ƙasa za ta kwana. Duk ranar da ɗayanku ya ce "a kwamfutata tana aiki," to maganar kafintan nan ya maimaita.

Kwamfutarka shago ce, ɗana. Sabuwa ce, cike take da caji, ga data, duk wani abin da manhajar ke buƙata kai ka zuba shi da hannunka har ka manta ka zuba. Ɗakin da za a kai ta daban yake. Can akwai sabar da wani ya shirya da nasa tsarin. Akwai tsohuwar waya mai fasasshen gilashi wadda hotunan biki suka cika. Akwai sabis da ke zuwa da hantsi ya tafi da azahar, akwai wutar da ake ɗaukewa ba sallama, akwai hadarin Agusta da ke hana sola cika batir kwana uku. Akwai kuma hannun mai amfani da ita, wanda wataƙila bai taɓa danna wani abu a waya ba in ban da kira da WhatsApp. Duk waɗannan ba sa cikin rubutunka, amma su ne ke yanke hukunci a kan ko rubutun naka zai yi amfani.

Na ga wannan da idona a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Gwaram. An raba wa ma'aikatan lafiya wayoyi masu manhajar shigar da sunayen masu awon ciki da yaran rigakafi. Samari masu kaifin kai ne suka rubuta ta a birni, kuma ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ba ta adana komai sai da sabis, a ƙauyen kuwa ba a samun sabis sai an hau wani tudu a bayan gari. Ma'aikaciyar da ke wurin, baiwar Allah mai haƙuri, sai ta riƙa rubuta komai a littafi da rana, da yamma ta hau acaɓa da kuɗin aljihunta zuwa bakin titi ta sake shigarwa a waya. Abin da aka kawo don ya rage mata aiki ya ninka mata shi. Ana cikin haka aka saki sabon gyara wanda ya fi ƙarfin tsohuwar wayarta. Ƙarshen wata ya zo babu rahotonta, aka aiko mata takardar tuhuma daga sama, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Na rubuta koke sau nawa, amsa ɗaya nake samu: an gwada, tana aiki. Daga ƙarshe na daina rubutu. Na lallaɓi ɗaya daga cikin samarin na ce ya raka ni, zan saya masa fura mai kyau a hanya. Na zaunar da shi a kan benci a bakin asibitin tun safe. Ya ga mata sun jeru da goyo, ya ga ma'aikaciyar tana ɗaga waya sama tana zagaya tsakar gida da ita kamar mai neman wata. Kafin azahar surutunsa ya ƙare. A hanyar dawowa bai ce mini uffan ba. Bayan mako biyu ya sauya tsarin: wayar ta riƙa ajiye bayanai a cikinta, duk lokacin da ta ci karo da sabis ta tura da kanta. Gyaran bai fi ƙarfinsa ba tun farko. Abin da ya rasa kawai shi ne ganin ɗaki, gani kuwa ya kori ji.

Kada ku ce wannan ciwon ƙauye ne. Ranar Laraba 14 ga Mayu 2025, shugaban hukumar jarrabawa ta JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida a Bwari yana share hawaye. Sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas ya gurɓace. Bayanin da hukumar ta yi shi ne an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, inda gyaran ya sauka kuma komai ya tafi daidai, amma ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi mata aiki ba su ɗora shi yadda ya kamata a kan wasu sabobi ba. Dole aka sake kiran yaran jarrabawa daga ranar 16 ga watan. Ku tuna yadda ƙannenku ke tashi da asuba daga Gwaram zuwa cibiyar jarrabawa, da kuɗin motar da uwa ta sayar da akuya ta haɗa. To irin waɗannan yara kusan dubu ɗari huɗu ne suka yi kwanaki suna ganin kansu dakikai, wasu iyayensu na yi musu faɗa, alhali laifin yana tsakanin hannun da ya rubuta da hannun da ya ɗora.

Shekara goma sha uku kafin wannan, irin ciwon nan ya kayar da wani katafaren kamfanin cinikin hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital. Sabobi takwas gare su. Ma'aikacin da aka sa ya ɗora sabon rubutu ya ɗora a kan bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa, babu kuma mutum na biyu da aka ɗora wa duba aikinsa. A kan ta takwas ɗin akwai wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi shekaru amma ba a goge ba, sai sabon umarnin ya tashe shi daga barci. Da safiyar 1 ga Agusta 2012, tun kafin a buɗe kasuwa, na'urar ta aika saƙonni 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400, shekara ba ta zagayo ba ya narke a cikin wani kamfanin. Yanzu ku faɗa mini, laifin wa? Wanda ya bar matacciyar igiya a cikin rubutu ashe macijiya ce, ko wanda ya tsallake saba ɗaya, ko waɗanda suka ga gargaɗi suka kau da kai? Kowa ya gama nasa, kowa ya miƙa, gida kuma ya ƙone.

Ba siyasa ta kawo ni ba, amma akwai darasi a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 da ya shafe ku kai tsaye. Manhajar nan ta ɗora sakamako a intanet ta yi aiki a zaɓen gwamnonin Ekiti da Osun a 2022. A ranar babban zaɓe ma ta karɓi na 'yan majalisa, sai ta ƙi karɓar na shugaban ƙasa har dare. A rahoton da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar a Fabrairun 2024 ta ce an tsara manhajar ne ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, sai ta rasa inda za ta saka shi. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan zaɓe, abin da mai sana'a zai tsinta a nan a fili yake: an auna ɗakuna da yawa, ba a auna wanda za a kai amarya ba.

Mutanen da suka riga mu shiga wannan sana'a sun sha wannan wuya har suka nemo magani. Tun 2006 babban injiniyan Amazon, Werner Vogels, ya bayyana tsarin kamfaninsu: rukunin da ya gina manhaja shi zai riƙa gudanar da ita, shi za a tasa cikin dare in ta tsaya. A 2009 wasu ma'aikatan kamfanin Flickr biyu, John Allspaw na ɓangaren masu kula da saba da Paul Hammond na ɓangaren masu rubutu, suka tsaya tare a wani taro a Kalifoniya suka nuna yadda suke sakin gyara sau goma ko fiye a rana ba tare da rigima ba, saboda sun rushe katangar da ke tsakaninsu. A watan Oktoba na wannan shekara Patrick Debois ya kira taro a birnin Ghent na Beljiyam, daga sunan taron ne aka samu kalmar nan DevOps da kuke ji a bakin malamanku.

Da na fara jin labarin sai na yi murmushi, domin abin da suka gano da tsada mu a gida muka taso muka tarar da shi. Mai haƙar rijiya ba ya karɓar cikon kuɗinsa sai an zura guga an sha. Maƙerin da ya ƙera garma, in ta karye a kunyar farko, ƙofarsa ake komawa, shi ma ba ya cewa laifin ƙasa ne. Ku leƙa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu: likitan da ya yi tiyata ba ya cewa ya ɗinke ya gama, washegari za ku gan shi a zagayen marasa lafiya yana duba ɗinkin. Manomi ma bai ce ya yi noma ba sai hatsi ya shiga rumbu. Me zai sa sana'arku kaɗai ta zama wadda ake ƙarewa a rabin hanya?

To ga abin da nake roƙon ku.

Ku je ganin ɗaki kafin ku yanka katako. In manhajar ta 'yan kasuwa ce, ku wuni a kasuwar Sara kusa da mai POS, ku ga yadda rana ke hana shi ganin rubutun allo, ku ga fuskar mai hatsi idan an ce kuɗi ya fita amma alat bai zo ba. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da taransifa ke maƙalewa mutum na tsaye da buhu a gabansa, ya san wannan ba wasa ba ne. Kowannenku ya ajiye tsohuwar waya mai arha a jakarsa, ita ce alƙalinsa. Ya gwada a kanta, ya kashe data a tsakiyar aiki ya ga abin da zai faru, ya miƙa wa gwaggonsa ya yi shiru ya ga inda za ta tsaya. A zaɓen 2015 hukumar zaɓe ta ce a wasu rumfunan ledar da ke manne a idon na'urar tantance kati ce ba a ɓare ba, shi ya sa ta ƙi karantawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kowane mai rubutu ya ɗora abin da ya rubuta da hannunsa, ko da sau ɗaya ne, a kan na'ura fanko wadda ba ta san shi ba, yana bin bayanin da ya rubuta wa wasu kawai. A nan zai gane abubuwa nawa ne ke cikin kansa waɗanda ba sa kan takarda. Waɗanda suka zana shanun nan na Dutsen Habude da Dutsen Mesa sun bar mana zane mai kyau ba bayani, shi ya sa har yau masana ke hasashen su wane ne da abin da suke nufi. Wannan ya dace da kayan tarihi, bai dace da manhajar albashi ba. Ku rubuta matakan ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, da harshen da na bayanku zai gane da ƙarfe biyun dare yana magagin barci. In kun ƙware, ku mayar da matakan umarnin da na'ura za ta riƙa bi da kanta, domin ɗan Adam yana manta saba ta takwas, na'ura ba ta mantawa.

Ku riƙa saki kaɗan kaɗan. Manomin kirki ba ya zuba sabon iri a gonarsa duka a shekarar farko, yana gwada shi a gefe ya ga halinsa. In asibitoci ashirin ne za su karɓi gyara, a fara da ɗaya wanda ke kusa, a kwana biyu ana kallo. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura wani ɗan gyara ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Bayan ɓarna ta auku ne kamfanin ya yi alƙawarin riƙa saki mataki mataki. Ku kuma lura da lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku saki sabon abu ana shirin tafiya masallacin Juma'a, ko jajiberin Sallah, ko ranar da ake biyan albashi, sai in kun yarda ku ne za ku zauna gadinsa.

Kafin ku shiga, ku san ta inda za ku fita. Duk gyaran da za a ɗora a tambaya tukuna: in ya ƙi, yaya za a koma na jiya, minti nawa zai ɗauka, wa zai yi? In ba amsa, gyaran bai isa fita ba. Haka ma kwafin ajiya na bayanan mutane. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kamar rumbun da ba a taɓa leƙawa ba ne, ranar yunwa za ka buɗe ka tarar gara ta riga ka.

Sannan ku karɓi dutin dare. Na san wannan ita ce mai ɗaci. Amma ban taɓa ganin abin da ke gyara hannun mai rubutu kamar a tashe shi cikin dare sau biyu a kan kuskure ɗaya ba. A karo na uku da kansa zai toshe ramin, zai kuma koya wa manhajar ta riƙa rubuta abin da ke damunta a fili, ta yi kuka tun kafin jama'a su yi. A yi dutin bi da bi kamar yadda ma'aikatan jinya ke yi, a san na wannan mako da na mako mai zuwa, wanda ya kwana a bar shi ya huta, a kuma biya shi haƙƙinsa. Ku 'yan mata da ke cikin sana'ar, kada a ce don dare ne a cire ku daga sanin saba. Yawancin wannan aiki yanzu daga ɗaki ake yin sa da waya da kwamfuta, wadda kuma ba ta san yadda ake ɗorawa ba kullum a bayan wani za ta tsaya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka bari in juyo kan 'yan ɓangarena da kuma waɗanda Allah ya ba shugabancin rukuni a cikinku. Mu ma mun yi namu. Mun kulle ɗakin saba mun zuba makulli a aljihu, muna jin daɗin a ce in ba mu ba babu mai iyawa. Ba za ka hana yaro leƙa ɗaki ba sannan ka zarge shi da rashin sanin faɗin ƙofa. In kana son masu rubutu su ɗauki nauyi, buɗe musu su ga abin da ke gudana, ka ba su wurin gwaji mai kama da na gaske, ka zaunar da su kusa da kai ranar ɗorawa, hannunsu a kan madannai kai kana kallo. Kai ma ka zauna da su tun ranar da ake zana tsarin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa'azi da tsawa ba sa sa mutum ya ji abu nasa ne, sai ya taɓa da hannunsa.

In kuma ɓarna ta auku, kuma za ta auku, a zauna a tambayi me ya faru kafin a tambayi wa ya yi. Yaron da aka yi wa dukan kawo wuƙa don ya fasa tulu, gobe in ya fasa wani ɓoye tsingaron zai yi, wani ya taka. A bi sawun abin daga farko, a rubuta, a gano wane gurbi ne ya bari kuskuren mutum ɗaya ya isa ga jama'a, a toshe shi. Abin da ya burge ni da Farfesa Oloyede shi ne, ko da yake ba hannunsa ne ya tsallake sabobin ba, ya fito bainar jama'a ya ce nauyin a wuyansa yake, ya nemi afuwa. Shugaban da ya yi haka, na ƙasa da shi ba za su ji tsoron faɗin gaskiya ba.

Kalma ɗaya a kan ciniki. Yawancinku aikin kwangila kuke yi, mai ba da aiki kuma ya fi son ranar yanke ƙyalle da ɗaukar hoto. Tun wurin yin tsada ku faɗa masa gaskiya: manhaja kamar dabbar kiwo ce, tana ci kullum. Akwai kuɗin hayar saba, akwai sabunta suna a intanet duk shekara, akwai gyara, akwai koyar da ma'aikata. A rubuta watanni nawa za ku tsaya a kanta bayan miƙawa, a rubuta wa za a kira, a sa kuɗin a cikin lissafi. Gara ku rasa aikin da ku karɓa a kan farashin da zai tilasta muku kife waya. Garuruwanmu ƙanana ne, labarin wanda ya gudu ya bar aiki yana riga shi isa kasuwa.

Ɗan ƙanin nawa kuwa, da baƙinsa suka tafi na kira shi gefe na ba shi labarin gadon amarya. Ya yi shiru, sannan ya ɗauki wayar ya kira mutanen. Kafin la'asar an gano abin: wani ɗan saiti ne da ke kan kwamfutarsa tun watanni, bai taɓa rubuta shi a bayanin miƙawa ba don ya manta ma akwai shi. Layi ɗaya ne. Mutanen sun yi kwana biyu ba ciniki a tsakiyar hidimar Sallah saboda layi ɗaya da kira uku da ba a ɗauka ba.

'Ya'yana, abin da ke hannunku amana ce: sunan mai ciki, makin ɗalibi, kuɗin mai hatsi. Waɗannan mutane ba su san wane ne mai rubutu wane ne mai saba ba, kuma ba dole ne su sani ba. Ku bi aikinku har ɗakinsa, ku tsaya sai kun ga ya zauna, in wayar ta yi ruri ku ɗauka. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a sana'arku, ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka.